Tarihin Kalmomin Farce da Akaifa da Ƙumba, Tare da Misalai Daga Jushi da Sabon Garin Zariya

Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi magana a kansa ƙaramin abu ne a ido, watau sunan da Bahaushe yake kiran abin nan mai tauri da ke fitowa a bakin yatsan mutum, da na dabba, da na tsuntsu. Mai yiwuwa wani ya ce wannan bai isa a tara malamai a kansa ba. To, amma masu nazarin tarihin harsuna sun daɗe da lura cewa sunayen gaɓoɓin jiki suna cikin kalmomin da suka fi daɗewa a bakin al'umma, ba a cika aronsu daga maƙwabta ba, ba kuma sa saurin mutuwa. Saboda haka idan aka ga irin wannan kalma ta faɗaɗa ma'ana, ko ta ƙuntata, ko wata 'yar'uwarta ta ture ta, lalle akwai dalili a tarihin masu harshen.

Akwai kuma wata matsala da ke gaban mai fassara da malamin makaranta kullum. Turanci ya ware sunan na mutum daban, na dabba daban, na tsuntsu mai farauta daban. Larabci ma yana da nasa rabon. Hausa kuwa tana da kalmomi uku, farce da akaifa da ƙumba, sai wasu suka ɗauka cewa ai uku da uku sun yi daidai, a ba kowace kalma aikinta a huta. Za a yi ƙoƙari a nuna a nan cewa tarihin kalmomin bai goyi bayan wannan rabo ba. An ɗauki misalai daga Jushi da Sabon Gari da Samaru ne domin nan ne wuraren da kare-karen Hausa suka cuɗanya a ƙasar Zazzau tun farkon ƙarni na 20, kuma a Zariya ne aka yi mafi yawan aikin daidaita rubutun boko.

Siffar kalmomin

Mu fara da farce, wadda ita ce daidaitacciyar Hausa ta ɗauka. Jam'inta farata ne, kuma wannan jam'i shi ke tona asalin kalmar. Sananne ne a nahawun Hausa cewa baƙin t yakan koma c idan wasalin e ko i ya biyo shi, kamar yadda ake samun mota da motoci, ko sata da sace, ko karta da karce. Haka s yakan koma sh, kamar a ƙasa da ƙasashe. Ke nan saiwar kalmar ita ce fart-, wasalin e na tilo shi ya mai da t ya zama c, a jam'i kuwa da wasalin a ya biyo baya sai baƙin asali ya dawo. Tsarin jam'in ma tsoho ne, irin wanda ake cusa wasalin a a tsakiyar saiwa, kamar sirdi da sirada, turke da turaka, da kuma harshe da harasa, wanda yanzu harsuna ta kusa binne shi. Kalmomin aro na kusa ba su cika shiga wannan aji ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa farce ta daɗe a gida.

Wajibi ne a tsaya a kan wannan, domin akwai masu son mai da kowace kalmar Hausa Larabci, kuma da sun ji zufur sai su ce ga uwar farce, tun da akwai f da r a duka biyun. Hanyar da Hausa take bi wajen aro daga Larabci sananniya ce, Greenberg ya yi rubutu a kanta a 1947, Hiskett kuma a 1965. Baƙin farko na zufur shi ne wanda yake cikin kalmomin da suka ba mu azahar da zalunci da zahiri, kuma a duk waɗannan ya zauna a matsayin z, bai faɗi ba. Da Hausa ta ari kalmar, da z ɗin yana nan. Haka nan kamannin farce da fartanya, ko da yake duka biyu suna karta ƙasa, kamannin sauti kawai ba ya zama hujja a wannan fage.

Akaifa, jam'i akaifu, an fi jin ta a bakin mutanen yamma, watau Sakkwato da Zamfara da Kabi da maƙwabtansu na Nijar, inda f yakan zama hw kafin wasalin a, kamar yadda suke cewa hwata maimakon fata. A can mutum yana yanke akaifarsa kamar yadda Bakano yake yanke farcensa, babu wanda zai ji an kira shi dabba. Sai dai duk Bahaushen da ya ji akaifa yana jin kaifi a cikinta, kuma a ganina wannan ji shi ne yake tura kalmar zuwa wajen zaki da shaho a bakin waɗanda ba su tashi da ita ba. Ƙumba kuwa tana da ma'ana ta biyu wadda sauran ba su da ita, watau ɓawon wata halitta ta ruwa mai marfi biyu da ake tsinta a bakin gulbi, wanda ya yi kama da farcen babban yatsa a lanƙwasa da santsi.

Bayan waɗannan uku akwai kofato na doki da jaki da saniya da akuya, akwai kuma dagi, watau tafin ƙafar zaki ko damisa ko kyanwa gaba ɗayansa. A nan Hausa ta haɗa abin da Larabci ya raba, domin Balarabe yana da sunan kofaton doki daban, na saniya mai tsagi daban, na raƙumi daban. Sunan na raƙumin, khuff, shi ne kuma sunan safar fata, ta wannan ma'ana ce ya shigo mana a matsayin huffi a babin shafa a kansa wajen alwala.

Mahaɗar kare-kare

Turawa sun kama Zariya a 1902. Hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano ta ratsa ta a 1911, a 1912 aka haɗa ta da ta Legas, sa'an nan aka ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa ƙasar Jos wanda ya yi aiki daga 1914 zuwa 1957, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda wanda aka gama a 1929. Sabon Gari ya tashi ne a gefen tasha domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa baƙi, amma ba a daɗe ba Hausawa 'yan ci-rani da fatake da leburori suka cika shi da kewayensa. Jushin Waje, wadda yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Sabon Gari tare da irin su Muciya da Cikaji da Hanwa da Dogarawa, tana cikin unguwannin da suka karɓi wannan jama'a. Samaru kuma ta samu tashar binciken aikin gona a 1922, Shika ta samu gonar dabbobi a 1928, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta jawo mutane daga kowace kusurwa ta Arewa.

Layin Gusau shi ne ya fi shafar zancenmu, domin shi ya sauƙaƙa wa mutanen akaifa zuwa ƙasar mutanen farce, suka zauna unguwa ɗaya, suka yi sahu ɗaya a masallaci, 'ya'yansu suka yi wasa a dandali ɗaya. Inda duk kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya suka haɗu haka, ɗayan abu biyu ne yake faruwa, ko ɗaya ta kori ɗaya, ko kuwa su raba gado. A kasuwa korar ce ta fi ƙarfi. Bayarabe da Ibo da mutanen kudancin Zariya waɗanda suka koyi Hausa don ciniki ba su da bukatar suna uku ga abu ɗaya, sai suka riƙe wanda suka fi ji, watau farce, wadda kuma ba ta da baƙi mai lanƙwasa irin na ƙumba da ke ba baƙo wahala.

Sana'ar yankan farce ita ma ta taimaka. Ba ta cikin aikin wanzami na gado, wanda ya ƙunshi aski da ƙaho da kaciya da tsaga. Sana'a ce ta mai ƙaramin jari, almakashi da 'yar aska da ɗan soso da ruwan sabulu, kuma ta fi ci a tasha da bakin kasuwa da ƙofar masallaci ranar Jumma'a. Mai yin ta ba ya shela da baki, kaɗa almakashinsa yake yi, ƙarar ita ce tallarsa. Ko daga ina ya fito, da ya shigo Sabon Gari sunan da masu kiransa suke ba shi shi zai amsa. Dattawa da yawa har yau ba sa barin abin da aka yanke a yashe, sukan tattara su binne, wasu don bin abin da malamai suka so, wasu don tsoron kada mai sammu ya samu abin aiki.

Farce a zauren malamai

Tun kafin jirgin ƙasa, wurin da aka fi tilasta wa Bahaushe ya tsaya ya zaɓi kalma a kan wannan abu shi ne zauren karatu. A unguwannin malamai na birnin Zazzau, irin su Kona da Juma, kamar sauran biranen ƙasar Hausa, karatun littafi kalma da kalma ake fassara shi, ɗalibi ya ja baƙi malam ya ba da Hausa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, tana cikin littattafan da kowane ɗalibi yake bi ta kansu, kuma ta kawo yanke farce cikin abubuwa biyar na fiɗira, tare da kaciya da rage gashin baki da tsige na hammata da aske na mara. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Anas cewa an iyakance kada a bar waɗannan su wuce kwana 40. Mai harami da hajji ko umra an hana shi yankewa, wanda kuma ya yi niyyar layya an so ya dakata daga shigowar watan Zulhajji har ya yanka dabbarsa. Duk waɗannan na mutum ne, kuma kalmar Larabcin ita ce zufur.

Da an shiga babin yanka da abinci sai al'amarin ya canja. Hadisin Rafi'u ɗan Khadij ya hana yanka da haƙori da zufur, kuma Mukhtasar na Halilu, na ƙarni na 14, ya ambaci saɓanin malaman mazhaba a kan ko hanin ya haɗa da wanda aka cire daga jiki. A nan kalmar ta fara fita daga yatsan mutum. Sa'an nan ga mikhlab, wanda shi ne na tsuntsu mai farauta. Hadisin Ibn Abbas a Muslim ya yi hani ga cin mai fiƙa daga namun daji da mai mikhlab daga tsuntsaye, mazhabobin Hanafi da Shafi'i da Hambali suka tafi a kan haramci, alhali kuwa Risala ta bayyana cewa babu laifi a ci tsuntsaye masu farauta. Malamin da ke fassara wannan wuri dole ya faɗi wata kalma, kuma kalmar garinsu zai faɗa, Bakano ya ce mai farce, Basakkwace ya ce mai akaifa. Babu wanda ɗalibansa suka rikice, domin ambaton tsuntsu ya riga ya fayyace abin da ake nufi.

Misalin da ya fi kowanne ban sha'awa yana cikin suratul An'am, aya ta 146, inda aka ambaci haramta wa Yahudawa duk dabba mai zufur. Masu tafsiri, har da Jalalaini wanda ake karantawa a masallatanmu da azumi, sun bayyana cewa ana nufin dabbar da yatsunta ba su rabu ba, suka ba da misali da raƙumi da jimina. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda aka ba lambar girma ta Sarki Faisal a 1987, da ya zo wannan aya a tarjamarsa sai ya sa akaifa, kalmar ƙasar da ya fito. Ga shi kuwa raƙumi ba ya yakushi, ba ya sura. Wanda ya koya a makaranta cewa akaifa ta mai farauta ce kawai, idan ya karanta wannan wuri zai zaci zaki da shaho ake nufi, ya kauce wa tafsirin gaba ɗaya. Wannan ita ce irin ɓarnar da rabon da aka ambata a farko yake iya jawowa.

Farcen turare

Duk wanda ya shiga layin masu kayan ƙamshi a kasuwar Sabon Gari ya ce a ba shi farce, ba za a yi masa dariya ba, za a auno masa wasu 'yan ɓawo ne masu ruwan ƙasa-ƙasa, masu lanƙwasa, masu ƙarni idan ba a gyara su ba. Mata masu haɗa humra da turaren wuta sun san shi sarai. Sai an jiƙa shi an kankare an wanke, a soya, a daka, kafin a zuba shi cikin haɗi, kuma aikinsa shi ne ya kama ƙamshin sauran kayan ya sa ya daɗe a tufa da jiki. Ba daga jikin wata dabbar tudu yake ba. Marfi ne da wasu dodon-koɗin teku suke rufe bakin gidansu da shi idan sun shige ciki, abu ne mai kama da ƙaho, kuma wanda aka fi sani a tarihi daga Bahar Maliya da tekunan da ke kewaye da ƙasar Larabawa yake fitowa.

Sunan nan ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso mu. Girkawa sun kira shi da kalmarsu ta farce, likitansu Diyoskoridis ya bayyana shi a ƙarni na 1 na Miladiyya, kuma da kalmar ce aka fassara ɗaya daga kayan turaren da aka lissafa a littafin Fitowa, sura 30, lokacin da aka mai da Attaura Girkanci. A Latin ma farce mai ƙamshi ake ce masa. Larabawa suna ce masa azfar, jam'in zufur, kuma ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya a Buhari da Muslim, inda aka yi wa mai takaba rangwamen ta taɓa ɗan kaɗan daga gare shi idan ta yi wankan tsarki. A Sudan har yau da wannan saiwa ake kiransa, kuma shi ne ƙashin bayan humrar amare, humra ɗin ma daga can sunanta ya zo.

Abin lura shi ne yadda Hausa ta karɓe shi. Kayan fatauci yawanci da sunansu suke shigowa, kamar sandal da almiski da kanumfari. Wannan kuwa ba a ari sunansa ba, fassara shi aka yi. Fassara irin wannan ba ta yiwuwa sai a bakin mutanen da suka san ma'anar kalmar a harsunan biyu, kuma tarihi ya nuna mana su. Hanyar hajji ta ƙasa ta bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, alhazai sukan shekara da shekaru a hanya suna noma da sana'a. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a masu yawa sun yi hijira gabas, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Tsakanin waɗannan Hausawan Sudan, da matan Barebari da na Shuwa waɗanda suka shahara da sana'ar turare a Maiduguri, kayan da sunansa suka sami hanyar zuwa yamma. Sai ga shi kalmomi biyu daga cikin ukunmu kowace ta ba da sunanta ga ɓawon halittar ruwa, ƙumba ga na gulbi, farce ga na teku, kuma a wannan wuri ba sa musanya.

Daji da abin da ya bari a harshe

Maharbi ya fi kowa bukatar bambancewa, amma ba a sunan farcen yake bambancewa ba, a sawu yake yi. Zaki da damisa da kyanwa suna janye faratansu cikin dagi idan suna tafiya, sai za su kama abu suke fito da su, saboda haka sawunsu ba ya nuna tsinin farce. Kura da kare da dila ba sa iya janyewa, sawunsu kullum da ɗigon farata a gaba. Da wannan maharbi yake sanin abin da ya sha ruwa a rafi da dare. Sauran bambancin aikatau ne suke ɗauke da shi. Kyanwa tana yakushi, damisa tana yaga, shaho yana surar ɗan tsako, kaza tana tono, har aka yi karin magana a kan kazar da yawan tone-tone ya sa ta tono wuƙar yankanta. Harshen da yake da wannan yalwa a aikatau bai matsu da ya raba suna ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana cikin sunayen itatuwa. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka wanda ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kawo wata bishiyar ƙaya mai son fadama da bakin rafi, wadda ƙayoyinta suke fitowa bibbiyu a lanƙwashe, masana a lokacin suna kiranta Acacia campylacantha, yau kuma Senegalia polyacantha. Sunayen da ya ji a bakin Hausawa sun haɗa da farcen shaho da ƙumbar shaho. Ke nan fiye da shekara ɗari da suka wuce, kafin makarantar boko ta yi tasiri, manoma da makiyaya suna kiran abin da shaho yake sura da shi farce, suna kuma kiransa ƙumba, a kan bishiya ɗaya.

Dagi kuwa ya bar daji ya shiga ado. Sunansa ne aka ba ƙullin nan mai sarƙaƙiya da maɗinka suke sakawa a aikin riga, magina kuma suke zanawa a fuskar soraye, abin da Zazzau ta yi suna a kansa, kuma David Heathcote ya yi nazarin irin waɗannan zane-zanen ɗinki a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970. Shi ne daga baya ya zama dagin Arewa da kowa ya sani. Yaro a Samaru yau ya san dagi a jikin hula da bangon ofis, da wuya ya san cewa tafin damisa ne. Kada kuma a haɗa shi da dagin ƙarfe na haƙa rami, wanda boko yake rubutawa iri ɗaya.

Dalilin wannan mantuwa a fili yake, dabbobin ne suka ƙare. A da farcen zaki da na damisa suna shiga laya da guru na maharba da 'yan tauri da mayaƙa, bisa imanin cewa wanda ya ɗaura makamin dabba ya ɗauki wani abu na kwarjininta, kuma shimfiɗar ɗan magori ba ta cika sai da fatu da ƙasusuwa da ƙafafun tsuntsaye. Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, gwamnatin tarayya ta yi doka mai lamba 11 a 1985 wadda ta taƙaita cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa da sassan jikinsu, aka kuma tsananta hukuncinta a 2016. Duk da haka binciken da aka buga a 2014 ya sami zaki a wurare huɗu kacal a duk Afirka ta Yamma, jimillarsu wajen 400, biyu daga wuraren a Nijeriya, watau Kainji da Yankari. Ungulu ma, wadda a da ba a raba ta da mahauta, an sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a 2015, kuma cinikin kanta da ƙafafunta don magani yana cikin dalilan. Abin da ɗan magori yake nunawa a yau da sunan farcen zaki, mai saye ba shi da abin da zai gwada shi da shi.

Aikin boko

Masu ƙamus na farko kowa da Hausar da ya tarar. Schön, wanda ya buga nasa a 1876, ya dogara ƙwarai da Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Turai, mutumin wajen Damagaram. Robinson ya biyo baya a 1899, Mischlich a 1906. Bargery, a ƙamusunsa na 1934 mai kalmomi wajen 39,000, ya yi abin da ya kamata a yaba, domin yakan nuna garin da ake faɗin kalma, Katsina ko Sakkwato ko Zazzau, ya kuma mai da mai karatu ga takwararta. Ko rubutun kalmar ya sha sauyi, a ajami da harafin sa mai ɗigo uku ake rubuta sautin c, Turawan farko suka rubuta shi da ch, daga baya aka tsaya a kan c.

Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East daga 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, da Kamfanin Gaskiya daga 1945, da NORLA daga 1954, da Hukumar Harshen Hausa daga 1955, duk sun ɗauki Kananci a matsayin ma'auni, ko da yake a ƙasar Zazzau suke aiki ko kusa da ita. Ta haka farce ta shiga littafin kiwon lafiya na firamare, ta zauna a babin tsabta tare da wanke hannu da aski. Da kayan kwalliya na kanti suka zo sai aka sami jan farce, malamai kuma suka shiga bayanin bambancinsa da lalle, cewa lalle rini ne ba ya hana ruwan alwala isa, shi kuwa jan farce rufi ne. Duk wannan ya ƙara manna kalmar a jikin mutum. Akaifa da ba ta sami gurbi a babin tsabta ba sai ta zama ta ajiya, mai fassara ya riƙa ɗauko ta idan ya ci karo da kalmar Turanci ta dabba.

Ba na ƙin a yi amfani da akaifa ga zaki a littafin kimiyya, ai Hausa ce, kuma malaman dabbobi na Samaru da Shika suna da bukatar kalmomi tsayayyu. Ilmin halitta ma ya nuna cewa farce da kofato da kuben ƙaho duk daga sinadari ɗaya suke, wanda ake kira keratin, don haka haɗawar da Bahaushe ya yi ba jahilci ba ne. Abin da nake ƙi shi ne malami ya ja jan biro a kan yaron da ya rubuta faratan zaki, ko a yi wa 'yar Gusau dariya a aji a Jushi don ta ce za ta yanke akaifa. Mai shirya ƙamus na Hausa zuwa Hausa, irin wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, abin da ya dace ya yi shi ne ya ba kowace kalma daga cikin ukun ma'anar mutum da ta dabba da ta tsuntsu, ya nuna yankin da aka fi faɗinta kamar yadda Bargery ya yi, sa'an nan ya ware ɓawon gulbi a ƙarƙashin ƙumba, kayan humra kuma a ƙarƙashin farce.